Assassin's Creed III: Wasan bidiyon da aka yi wata takwas ana jira, da tambayar da ya bari kan mulkin mallaka

A farkon watan Maris na 2012 kamfanin Ubisoft ya saki hoton wani matashi sanye da farar riga mai hula, ya durƙusa a kan wani soja, ɗan gatari a hannunsa, tsohuwar tutar Amurka tana kaɗawa a bayansa. Hoton shi ne bangon sabon wasan bidiyo mai suna Assassin's Creed III, wanda kamfanin ya ce zai fito ranar 30 ga Oktoba na wannan shekara.

Daga ranar har zuwa fitowar wasan, masu sha'awar gem a faɗin duniya sun shafe kusan wata takwas suna ƙirga kwanaki. Kafin ya shiga kasuwa Ubisoft ya sanar cewa a tarihin kamfanin ba a taɓa samun wasan da mutane suka biya wa kafin alƙalami kamarsa ba.

Ba zumuɗin faɗa da tsalle-tsalle kaɗai ya jawo wannan jira ba. Wasan ya shiga zamanin da Amurka take ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya, kuma jaruminsa ba Bature ba ne, ɗan asalin ƙasar ne daga al'ummar Mohawk. A 2026 Amurka ke cika shekara 250 da ayyana 'yancin kai, kuma tambayar da wasan ya tayar tana nan daram: wa ya samu wannan 'yanci, wa kuma aka bari a baya?

Asalin jerin wasannin

Ubisoft kamfanin Faransa ne da wasu 'yan'uwa biyar 'yan gidan Guillemot suka kafa a 1986. Reshensa na birnin Montreal a Kanada, wanda aka buɗe a 1997, shi ne ya ƙirƙiro Assassin's Creed.

Na farko ya fito a 2007, labarinsa ya gudana ne a Kudus da Dimashƙ da Akka a shekarar 1191, lokacin Yaƙin 'Yan Salibi. Na biyu ya koma Italiya a 2009 da jarumi Ezio, wanda ya ci gaba da jan ragama a wasanni biyu da suka biyo baya, ɗaya a birnin Rum a 2010, ɗaya a Santambul a 2011.

Tsarin duka ɗaya ne. Ana gina tsohon birni a kwamfuta da titunansa da kasuwanninsa da wuraren ibadarsa, sannan a saki mai wasa ya yi yawo a ciki, ya hau gine-gine, ya yi faɗa, ya haɗu da mutanen da suka taɓa rayuwa da gaske. A ƙarƙashin wannan kuma akwai ƙagaggen labarin gaba tsakanin ƙungiyoyin asiri biyu, Assassins masu neman 'yancin ɗan'adam da Templars masu neman juya shi.

Zuwa 2011 masu wasa sun fara gajiya da Ezio, don shekara uku ke nan a jere ana ganin fuska ɗaya. Shi ya sa da aka ce ga sabon jarumi a sabuwar nahiya, murna ta kankama.

Alƙawuran da aka yi

An fara aikin wasan tun farkon 2010, wato ya ci kusan shekara uku, ƙarƙashin jagorancin Alex Hutchinson, yayin da Corey May ya jagoranci rubuta labarin. An gina masa sabuwar manhaja mai suna AnvilNext, wadda kamfanin ya ce za ta iya nuna mutum har 2,000 a fagen daga lokaci guda.

An yi alƙawarin birane biyu, Boston da New York, kamar yadda suke a ƙarni na 18. An kuma yi alƙawarin wani makeken daji wanda girmansa ya ninka birnin Rum na wasan baya sau ɗaya da rabi, inda mai wasa zai riƙa bin rassan itatuwa, ya yi farautar barewa da kerkeci, ya ga sauyin yanayi daga bazara zuwa hunturu mai dusar ƙanƙara.

A baje kolin wasannin bidiyo na E3 da aka yi a Los Angeles a watan Yuni, aka nuna yaƙin jiragen ruwa, inda mai wasa ke riƙe da akalar jirgi yana ba da umarnin harba igwa a tsakiyar guguwa. Ba a saba ganin irin wannan a jerin wasannin ba, don haka ya ƙara wa jiran armashi.

Sai dai tallace-tallacen sun zo da ƙura. A kusan kowane bidiyon talla, sojojin Birtaniya masu jajayen riguna ne jarumin ke kashewa. A daidai bikin 'yancin Amurka na 4 ga Yuli kuma aka saki wani talla mai ɗaga darajar masu juyin juya hali. Masu wasa da dama, musamman a Birtaniya, suka yi ƙorafin cewa an mayar da wasan farfagandar Amurka. Marubutan sun musanta, suna cewa a cikin labarin akwai miyagu a kowane ɓangare.

Wane irin mulkin mallaka?

Mai karatu da ya tashi da labarin zuwan Turawa ƙasar Hausa zai iya ɗauka cewa yaƙin 'yancin Amurka irin gwagwarmayar da aka yi a Afirka ne. Akwai bambanci babba.

Waɗanda suka yi wa Sarkin Ingila George na Uku tawaye a yankuna 13 na gabar gabashin Amurka, mafi yawansu Turawa ne 'yan ci-rani da jikokinsu. Su 'yan mulkin mallaka ne a idon 'yan asalin ƙasar, ko da yake su ma Landan ce ke mulkinsu.

Rigimar ta samo asali ne daga Yaƙin Shekara Bakwai da aka gama a 1763, inda Birtaniya ta kori Faransa daga Kanada amma ta fito da tulin bashi. Don biyan bashin sai majalisar dokoki a Landan ta fara ɗora wa mazauna Amurka haraji, ciki har da harajin hatimi na 1765, alhali ba su da wakili a majalisar.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambata ba. A 1763 Sarkin Ingila ya hana 'yan ci-ranin tsallake tsaunukan Appalachia su kafa gonaki a ƙasar 'yan asalin wurin. Wannan doka ta ɓata wa masu cinikin filaye rai, kuma George Washington na cikin masu sha'awar filayen yamma.

Wasan ya bi manyan abubuwan da suka faru daga 1754 zuwa 1783. Mai wasa yana nan ranar 5 ga Maris 1770 da sojojin Birtaniya suka buɗe wuta a Boston, mutum biyar suka mutu, ciki har da Crispus Attucks mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar. Yana nan daren 16 ga Disamba 1773 da aka zubar da akwati 342 na ganyen shayi a teku don adawa da haraji. Yana nan a Lexington da Concord a Afrilun 1775 inda aka fara harbi, da kuma yaƙin Bunker Hill wata biyu bayan nan.

Wani abin lura a daren zubar da shayin shi ne, wasu daga cikin Turawan da suka yi aikin sun yi shigar 'yan Mohawk ne don ɓad da kama. Shekara 239 bayan haka, wasan ya sa ɗan Mohawk na ainihi a kan jiragen.

Jarumi mai suna biyu

Sunan jarumin na yanka Ratonhnhaké:ton. Mahaifiyarsa 'yar Mohawk ce, mahaifinsa kuma Baturen Ingila mai suna Haytham Kenway. Sunan Connor da aka fi saninsa da shi, malaminsa Achilles Davenport ne, wani dattijo baƙar fata, ya raɗa masa don ya iya shiga cikin Turawa ba tare da tsangwama ba. Dukkansu ƙagaggun mutane ne.

Mohawk, waɗanda ke kiran kansu Kanien'kehá:ka, ɗaya ne daga al'ummomi shida na ƙawancen Haudenosaunee da Turawa ke kira Iroquois. Sauran su ne Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca da Tuscarora. Ƙasarsu ta asali tana cikin jihar New York ta yau.

Fina-finan kaboyi sun shafe shekaru suna nuna 'yan asalin Amurka a matsayin mutanen daji masu ihu a kan dawaki. Masu shirya wasan sun fahimci cewa idan suka dogara da abin da suka gani a fim, za su maimaita wannan kuskure. Sun yi sa'a, garin Kahnawà:ke na 'yan Mohawk yana tsallaken kogin Saint Lawrence ne kawai daga Montreal.

Daga can suka ɗauko Thomas Deer, ma'aikacin cibiyar harshe da al'adun garin, a matsayin mai ba da shawara. Shawarwarin da aka samu sun sauya abubuwa da dama. An fasa nuna wasu abubuwan rufe fuska na ibada, domin al'ummar ba ta yarda a baje su ga baƙi ba. An bayyana wa kamfanin cewa a al'adar Mohawk mutum ɗaya ne ke riƙe da suna a lokaci guda, don haka sai da aka nemo sunan da ba na kowa ba, kuma kamfanin ya haƙura da yi wa sunan rajistar kasuwanci. Haka kuma an cire shirin da aka fara yi na barin mai wasa ya feɗe fatar kan abokin gaba.

A sassan wasan da ke gudana a ƙauyen jarumin, da harshen Mohawk ake magana, fassara na gudana a ƙasan allo. Noah Watts, wanda ya fito daga al'ummomin Crow da Blackfeet, shi ya yi muryar Connor, sai da aka koya masa furucin harshen. Kaniehtiio Horn, 'yar fim 'yar asalin Kahnawà:ke, ita ta yi muryar mahaifiyarsa. Ga harshen da masu jinsa sosai ba su wuce 'yan dubbai ba, shiga gidajen miliyoyin mutane ba ƙaramin abu ba ne.

Inda tarihi ya fi wasan ɗaci

A labarin, Connor ya shiga ɓangaren Washington bisa tunanin cewa idan 'yan tawaye suka ci nasara, mutanensa ma za su tsira da ƙasarsu. Daga baya ya gano cewa Washington ɗin ne ya ba da umarnin kai wa ƙauyensu hari.

Ƙauyen ƙagagge ne, amma umarnin yana da tushe. Yaƙin ya raba kan ƙawancen al'ummomi shida. Mafi yawan Mohawk da Seneca da Cayuga da Onondaga sun bi Birtaniya, ƙarƙashin shugabanni irin su Joseph Brant, don suna ganin ita ce za ta hana 'yan ci-rani cinye musu ƙasa. Oneida da Tuscarora kuwa suka bi 'yan tawaye.

A 1779 Washington ya tura Janar John Sullivan da dubban sojoji ƙasar Haudenosaunee da umarnin a rushe garuruwa a lalata amfanin gona. An ƙone garuruwa kusan 40, aka sare itatuwan marmari, aka cinna wa rumbunan masara wuta. Dubban mutane suka gudu zuwa sansanin Birtaniya da ke Niagara, inda yunwa da sanyin hunturu suka kashe da dama. 'Yan Seneca suna kiran Washington da laƙabin da ke nufin mai rushe gari.

Da aka zo yarjejeniyar Paris ta 1783 da ta kawo ƙarshen yaƙin, Birtaniya ta miƙa wa sabuwar Amurka ƙasa har zuwa kogin Mississippi, ba tare da ambaton 'yan asalin ƙasar da suka yi mata yaƙi ba ko a layi ɗaya. A 1784 aka ba Brant da mutanensa fili a gaɓar kogin Grand a Kanada. Su ma Oneida da suka taimaki 'yan tawaye ba su tsira ba, cikin 'yan shekaru jihar New York ta karɓe mafi yawan ƙasarsu. Kowane ɓangare mutum ya bi, ƙarshensa hijira ko asarar gona.

Wasan bai ɓoye wannan ba. A ƙarshensa Connor ya koma ƙauyensu ya tarar da kango, aka shaida masa cewa sabuwar gwamnati ta sayar da filin.

Bayin da aka bari a bakin teku

Akwai wani ɗan gajeren yanayi a ƙarshen wasan da ya tsaya wa mutane da yawa a rai. Jama'a na shewa a tashar jiragen ruwa ta New York yayin da sojojin Birtaniya na ƙarshe ke ficewa a Nuwamban 1783. Connor ya juya, sai ga wasu baƙaƙen fata a tsaye ana cinikinsu.

Ƙidayar farko da Amurka ta yi a 1790 ta nuna mutum kusan miliyan 3.9, kuma kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne, waɗanda aka kwaso su ko iyayensu daga Afirka. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta takardar ayyana 'yanci, ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. A gonar Washington ta Mount Vernon akwai bayi 317 a shekarar da ya rasu, 1799.

A nan ne labarin ya taɓa Afirka ta Yamma kai-tsaye. A Nuwamban 1775 gwamnan Birtaniya a Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga rundunar Sarki. Bayan yaƙin, jiragen Birtaniya sun kwashe baƙaƙen fata kusan 3,000 daga New York, akasarinsu zuwa Nova Scotia a Kanada. A 1792 kimanin 1,200 daga cikinsu suka tsallaka teku suka kafa birnin Freetown a Saliyo. Cikinsu har da Harry Washington, wanda ya tsere daga hannun George Washington kansa.

Ubisoft ya ci gaba da taɓa wannan batu. Rana ɗaya da Assassin's Creed III aka fitar da Liberation, mai jaruma Aveline, 'yar Bafaranshe da wata baiwa 'yar Afirka a New Orleans. A ƙarshen 2013 kuma Freedom Cry ya ba da labarin Adéwalé, tsohon bawa da ke 'yanta bayi a yankin da yau ake kira Haiti.

Ko jiran ya biya?

Ta fuskar kasuwa, ya biya. An sayar da kwafi sama da miliyan 3.5 a makon farko, kuma zuwa Fabrairun 2013 adadin ya kai miliyan 12.

Ta fuskar masu wasa kuwa, ra'ayi ya rabu. Bayan wata takwas ana tallata Connor, sai ga shi wasan ya buɗe da mahaifinsa Haytham, aka shafe sa'o'i kafin jarumin ya girma ya sa farar rigar. Kamfanin ya ɓoye wannan ne da gangan don ya ba da mamaki a lokacin da za a gano cewa Haytham ɗan Templars ne. Wasu sun yaba, wasu sun ce an ja musu rai.

An kuma yi kuka da kura-kuran manhaja, kamar dawakai da ke maƙalewa da mutane da ke ɓacewa. Wasu sun ce Connor ba ya fara'a idan aka kwatanta shi da Ezio mai barkwanci, yayin da masu kare shi ke cewa yaron da ya ga mahaifiyarsa ta ƙone a gabansa ba shi da dalilin raha.

Yaƙin jiragen ruwan ne aka fi haɗuwa a kan yabonsa, har kamfanin ya gina wasa na gaba, Black Flag na 2013, kacokan a kansa. A Maris 2019 aka sake fitar da Assassin's Creed III da ingantaccen hoto don sababbin na'urori.

Ga mai son koyon tarihi daga wasan, akwai buƙatar taka-tsantsan, domin gaskiya da ƙirƙira a cakuɗe suke. Janar Charles Lee mutum ne na gaske, amma zazzaɓi ne ya kashe shi a Philadelphia a 1782, ba wuƙar Connor ba. Wasan ya ɗora wa Washington ƙona ƙauye a 1760, alhali a lokacin ya ajiye aikin soja tun ƙarshen 1758 ya koma gona. Iyaye kuma su sani cewa hukumomin tantance wasanni sun ware shi ga manya ne, shekara 17 a Amurka, 18 a Turai, saboda zubar da jinin da ke ciki.

Wa zai ba da labarin?

Abin da ya fi muhimmanci a tarihin wannan wasa shi ne abin da ya faru a teburin shirya shi. Da ba a tsallaka kogi an tambayi mutanen Kahnawà:ke ba, da miliyoyin mutane sun ga ɗan Mohawk yana feɗe kawuna, su ɗauka haka tarihi yake. Duk da haka, masu ba da shawara ne kawai, ba su ke da wasan ba, kuma ribar ba aljihunsu ta shiga ba.

Wasu al'ummomin sun ɗauki mataki na gaba. A 2014 wata majalisar 'yan asalin Alaska, Cook Inlet Tribal Council, ta zuba kuɗinta aka shirya wasan Never Alone bisa tatsuniyar mutanen Iñupiat, da muryoyin dattawansu a ciki, kuma daga baya aka fitar da shi a wayoyin hannu. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Yaounde ya fitar da Aurion a 2016, wasan da ya ɗebo kayan aikinsa daga al'adun Afirka.

Daular da Connor ya yi mu'amala da ita, ita ce bayan shekara 120 ta iso ƙofar Kano a Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a watan Maris, sannan aka yi gumurzun Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. A ɗaya gefen iyaka, Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, labarin da Med Hondo ya mayar fim a 1986.

Manyan kamfanonin gem kullum cikin neman sabon zamani da sabuwar ƙasa suke. Assassin's Creed kaɗai ya leƙa tsohuwar Masar a 2017, ya shiga Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa a 2023, ya je Japan a 2025. Idan wata rana aka waiwayo Afirka ta Yamma, darasin Kahnawà:ke shi ne cewa wanda yake zaune a teburin tun kafin a zana hoton farko, shi ke yanke abin da duniya za ta gani da abin da za a sakaya.